Ƙaramin ofishin lauya a karkara: ta ina ɓarayin intanet ke shigowa?

Ɗan Hadejia:
Assalamu alaikum. Tambayata ga lauyoyi ce da masu sana'ar kwamfuta da ke wannan zaure. A ɗauki ofis irin na Gumel ko Ringim ko Birnin Kudu: lauya ɗaya ko biyu, akawu ɗaya, kwamfuta ɗaya da firinta, aikin kuma duk gado ne da rikicin gona da cinikin fili. Takardu na yawo ta WhatsApp, kuɗi na shigowa ta tiransifa. Wane haɗari ne na gaske a nan, kuma da me za a fara idan abin kashewa bai wuce kuɗin man janareta na wata guda ba? Wasu na cewa manyan ofisoshin Legas da Abuja kaɗai ake hari.

Mai Gyara na Wudil:
Wa alaikumus salam, Malam. Ɓarawon intanet ba ya duba girman allon da ke ƙofar ofis, jefa koma yake yi, duk kifin da ya faɗo nasa ne. Kuma a irin ofishin da ka kwatanta, ofishin na ainihi yana aljihun barista, wato wayarsa. Daga nan za a fara, kuma ba ya cin ko kwabo.

Dabarar da ta fi yawa ita ce a kira mutum a ce daga ƙungiyar lauyoyi ne ko daga wani kwamiti, an shirya taro ta intanet, an turo masa lambobi shida, ya karanto su a sa sunansa. Lambobin nan su ne na rajistar WhatsApp ɗinsa a wata wayar. Yana karantowa, shi ke nan: ɓarawo ya samu dukkan zaurukan da yake ciki, ya fara bin mutane da sunan barista yana neman kuɗin shigar da ƙara. Maganinsa a shiga saitin asusu a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a sa lambar sirri shida da ba shekarar haihuwa ba, a haɗa da imel. A riƙa leƙa jerin na'urorin da aka haɗa da asusun, domin wanda ya riƙe wayar na minti ɗaya a wurin caji zai iya haɗa ta da kwamfutarsa ya riƙa karanta komai. GBWhatsApp da ire-irensa kuwa a goge su, ba na kamfanin ba ne, ba wanda ya san inda saƙonnin ke bi.

Sai layin waya. A sa wa sim lambar kulle, don wanda ya sace waya ba ya wahalar da kansa da buɗe ta, cire sim yake yi ya sa a ƙaramar waya ya danna lambobin banki. A adana katin da sim ya zo da shi, lambar PUK na jiki, ita ce mafita idan an yi kuskure sau uku. Idan kuma sabis ya ɗauke a wayarka alhali na kusa da kai suna da shi, kada ka ce matsalar eriya ce. Mai yiwuwa wani ya yi wa layinka welkam bak, wato ya karɓi sabon sim da lambarka. Kira banki da wata waya a rufe asusu tukuna.

Barista daga Kazaure:
Allah ya saka, Malam Mai Gyara. Ni ɓangaren kuɗi zan ja kunne, don nan ne lauya ke rasa suna a rana ɗaya. Ana dab da biyan kuɗin fili ko raba wa magada kasonsu, sai saƙo ya shigo daga lambar da aka sani ko imel ɗin da aka saba: "Asusuna ya samu matsala, a tura ta wannan." Ɓarawon ya jima yana karanta hirar, ya san adadin, ya san ranar. Ƙa'ida ɗaya ce ke tare wannan: ba a canza lambar asusu ta rubutu. A kira mutumin ta lambar da ke cikin fayil tun farko, a ji muryarsa, ko ya zo da ƙafarsa ya sa hannu. A kuma gaya wa waɗanda ofis ke wakilta tun ranar farko cewa ofis ba zai taɓa turo musu sabon asusu ta waya ba. Galibinsu dattawa ne da 'ya'yansu ke karanta musu saƙo, su ne suka fi saurin yarda.

Ta fuskar doka kuma, ƙanƙantar ofis ba uzuri ba ce. Sashe na 192 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana lauya bayyana sirrin wanda yake wakilta. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ce idan bayanan mutane suka fita ta yadda zai iya cutar da su, a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 daga lokacin da aka gane. Tarar ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Amma gaskiya ba tarar ce abin tsoro a garuruwanmu ba. Takardar ƙarar raba aure ta faɗa zauren unguwa, wa zai sake kawo maka sirrinsa? Ko ofishin lauyoyi na Mossack Fonseca na ƙasar Fanama, da duk girmansa, takardu miliyan 11.5 suka fita a 2016, zuwa 2018 ya rufe.

Injiniya Bichi:
Ranki ya daɗe Barista, ki bar ni in ƙara da kwamfutar, don an yi mata sassauci. Idan wuta ta ɗauke, akawu kan ɗauki fulash ya tafi shagon buga takardu. Abu biyu ke faruwa: kwafin takardar rantsuwar ya zauna a kwamfutar shagon inda kowa ke gani, fulash ɗin kuma ya dawo da ƙwayar cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gumakan bogi. Ƙaramar inbata da batir ɗaya sun fi wannan araha. In dole ne, a ware fulash ɗaya na fita, a mai da takardar PDF, a tsaya a ga an goge ta har daga kwandon shara.

Yawancin kwamfutocin nan tsofaffi ne na hannu, da Windows da Office na sata. Windows 7 ta daina samun gyaran tsaro tun Janairun 2020, tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare 14 ga Oktoba 2025. Ta irin waɗannan ɓarakar manhajar garkuwa ke shiga, ta kulle kowane fayil ta nemi kuɗin fansa. Abin da ke ceto shi ne kwafi uku: na kwamfuta, na faifan ajiya na waje, da na Google Drive. Kuskuren da ake yi shi ne barin faifan a jone, sai a kulle shi tare da uwar. A jona shi ranar Alhamis, a kwafa, a cire, ya kwana a wani gida. Duk wata a buɗe fayil biyu daga ciki a tabbatar suna buɗewa.

Kowa da kalmar sirrinsa. Ranar da akawu ko ɗan bautar ƙasa ya bar aiki, a ranar ake canza ta imel.

Ɗan Hadejia:
Na gode ƙwarai. To idan an riga an ƙwace WhatsApp ɗin fa?

Mai Gyara na Wudil:
Sake rajista da lambarka nan take, sabbin lambobi shida za su zo ta tes, kana sawa ya fita. Idan ya riga ka sa lambar mataki biyu, za ka jira kwana bakwai, amma shi ma an riga an fitar da shi. Kafin nan a kira duk wanda ke da biyan kuɗi a gaba, ɗaya bayan ɗaya, a ce kada ya tura komai. A ɗauki hoton saƙonnin ɓarawon da lambar asusun da ya bayar daga wayoyin waɗanda ya tuntuɓa, da su za a je banki da wajen 'yan sanda.