Ƙanwata ta samu KNUST: yaya zaman ɗaki da wasu ƙabilu yake?

Yayan Asawase:
Assalamu alaikum. Ƙanwata ta samu gurbi a KNUST, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, Ghana. A Zango ta tashi, ba ta taɓa kwana ɗaki ɗaya da wanda ba Musulmi ba. Masu sani, ina ake samun matsala, kuma me za ta shirya?

Malam na Ayigya:
Wa alaikumus salam, Allah ya sanya albarka. Tsofaffin ɗakunan kwanan jami'ar shida ne: Unity, Katanga, Africa, Queens, Republic da Independence. Tun 2018 aka haɗa maza da mata a Unity, Katanga da Africa, amma kowa da ɓangarensa. Ba a raba ɗaki bisa ƙabila, galibi mutum huɗu ne, to tana iya faɗawa da Batoniya, 'yar Ewe da Badagomba.

Ba ƙabila ke fara kawo faɗa ba, tukunya ce. Wata za ta ari ludayinta ta juya miyar naman alade, ba da mugunta ba, ba ta san hukuncin ba ne. Ƙanwar ta tafi da tukunya biyu, ludayi, soso da bokitinta, ta yi musu alama, ta faɗi dalili tun makon farko. In ta bari sai abin ya faru, za a ɗauka ƙyama ce.

Hajiya Aboabo:
Malam ya yi gaskiya, amma ya bar zancen asuba. Ita za ta tashi alwala wajen ƙarfe huɗu da rabi, wata kuma tana da addu'ar safe da waƙa. Su yi yarjejeniya: fitilar waya maimakon ƙwan ɗaki, ƙararrawa sau ɗaya, a ware kusurwar shimfiɗa darduma. In abu ya gagara, a kai wa malamin da ke kula da ɗakunan, kada a kai wa 'yan ƙungiyar ƙabila, don nan ne rigimar mutum biyu ke zama ta jama'a.

Ɗan Bomso:
Harshe ma, Yaya. Darasi da Turanci ne, amma hira Twi ce (harshen Tonawa) da Burokan (Turancin Pidgin). Ita da ta tashi a Kumasi ta tsira. 'Yan arewacin Ghana da baƙi daga Najeriya ko Kodebuwa su ake bari a baya, musamman a aikin rukuni, inda ake yanke shawara da Twi. Ita ma kada ta yi haka da Hausa a gaban 'yan ɗakinta. Ta shiga GMSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Ghana, don masallaci da buɗe-baki, amma rukunin karatu ta zaɓa bisa kwas.