Kajina sun daina ƙwai tun da sanyi ya shigo, ina mafita?

MaiKajiTara:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Dan Allah shawara nake nema, abin ya fara damuna gaskiya. Kaji tara gareni a bayan gida, shida manya ne sun kai shekara ɗaya da rabi, sauran ukun 'yan bana ne watansu uku da 'yan kwanaki, kuma babu zakara a cikinsu. Da can kullum sai na ɗebi ƙwai biyar wani lokacin ma shida, amma tun da sanyin nan ya fara abin yake ta ja baya, yanzu sai in leƙa akurki in tarar da ɗaya tal, jiya da shekaranjiya ma ko ɗaya babu, ko kyarkyarar nan da suke yi da hantsi na daina ji. Na toshe duk wata kafa ta akurkin da buhu da leda don kar iska ta shiga, na ƙara musu hatsi sosai saboda naji ance yana ɗumama jiki, duk da haka shiru. Sannan gashi nake gani ko'ina a ƙasa kamar an fige kaza, biyu daga cikinsu wuyansu har ya yi sanƙo. Ciwo ne ko sanyin ne kawai? In sayo hita in sa musu, ko zakara zan nemo?

TsohonMakiyayi:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar da hankalinki, abin da kika lissafo bai yi kama da ciwo ba. Mutane da yawa sanyi suke ɗora wa laifi alhali yawanci gajartar yini ce ke tsayar da kaza. Jikinta da haske yake aiki, hasken yana shiga ta ido, wani ma yana ratsa ƙoƙon kanta ya taɓa ƙwaƙwalwa kai tsaye, daga nan ne ake sakin sinadaran da ke umartar mahaifa ta saki gwaiduwa. Tana son haske na awa 14 zuwa 16 a yini kafin ta riƙa yi akai akai, in ya yi ƙasa da 12 sai kiga ta fara ja da baya, don a halittarta gajeren yini yana nufin ba lokacin renon 'yan tsaki ba ne. Kuma abin ya danganta da inda mutum yake a duniya, wanda ke kusa da tsakiyar duniya bambancin yininsa kaɗan ne tsakanin rani da hunturu, amma a Landan misali yinin ƙarshen Disamba ko awa 8 baya cika, can kam in ba a sa fitila ba yawancin manyan kaji tsayawa suke cak.

In kina son ki sa musu haske, ƙwan lantarki ɗaya ƙarami ya isa akurki irin naki, ba sai mai ƙarfi ba, in dai za ki iya karanta jarida a daidai tsayin kazar to ya wadatar. Ki nemi mai launin ɗorawa-ɗorawa ko ja-ja, ya fi farin nan mai shuɗi-shuɗi aiki a jikinsu. Ki riƙa kunnawa da asuba kafin gari ya waye, kar ki ƙara da dare, saboda kaza bata gani sosai a duhu, in fitila ta mutu farat ɗaya suna ƙasa sai su rasa hanyar hawa sandar kwanansu su kwana a rikice a kan sanyin ƙasa. Da yamma ki bar rana ta faɗi musu da kanta. Kuma a hankali ake ƙarawa, kamar rabin awa duk mako har a kai awa 14 ko 15 na haske a yini, in kin samu taima da zai riƙa kunnawa da kashewa shi ne daidai, don yau akwai gobe babu ya fi rashin fitilar ma illa. Kar ki bar ta a kunne har safe, suna bukatar duhu na kamar awa 8 su huta.

Zakara kuwa ba ruwansa da wannan, kaza tana ƙwanta ko da shi ko babu, amfaninsa kawai in kina son ƙyanƙyasa.

UwarTsaki:
Baba ya faɗi gaskiya akan haske, amma 'yar uwa ni gashin nan da kika ce shi ya fi ɗaukar hankalina, ki dakata da fitilar tukuna. Kajinki suna sake gashi ne, kuma shekarunsu ma sun nuna, daidai wata 16 zuwa 18 ne kaza ke yin babban zubar gashinta na farko, daga kai da wuya yake farawa ya gangara baya da ƙirji har fiffike da jela. Ki kama ɗaya a hankali ki buɗa wuyan, za ki ga wasu tsinkaye masu duhu suna tsirowa kamar ƙaya, sabon gashin kenan, akwai jini a cikinsu kuma suna musu zafi shi ya sa bana son a yawaita ɗaukarsu a wannan lokacin. Gashin kaza kusan dukkansa furotin ne, fiye da kashi 80 cikin 100, to ba za ta iya haɗa gina sabuwar riga da gina ƙwai ba, dole ɗaya ya jira, kuma rigar take zaɓa tunda ita ce za ta kare ta daga sanyi. Yakan ɗauki mako 8 zuwa 12, wata ta fi haka.

Inda nake ganin an samu matsala shi ne hatsin da kika ƙara. Na san da kyakkyawar niyya kika yi, nima na taɓa yin haka shekarar da na fara kiwo sai kajin suka yi ta ƙiba ƙwai kuma babu. Hatsi zalla furotin ɗinsa bai kai ba, kalsiyam kuwa kusan babu, kuma suna sonsa sosai, in sun cika ciki da shi sai su ƙi taɓa abincin leyas ɗin da aka haɗa musu, wato abincin kaji masu yin ƙwai. Shi na leyas furotin ɗinsa yana kai 16 zuwa 18 cikin 100, kalsiyam kuma wajen 4, ki mayar da shi ya zama shi ne abincinsu, hatsin ya zama ɗan abin marmari da yamma wanda bai wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da suke ci ba. Yanzu da suke fidda gashi in kin samu mai furotin 20 ma ya fi. Ɓawon ƙwai ɗaya yana cin kalsiyam wajen giram 2, kuma da dare ake gina shi, a cikin awa 24 zuwa 26 da ƙwai ke ɗauka kusan 20 duk a wajen yin ɓawo suke tafiya, in babu a abinci daga ƙashinta take cirowa. Ki daka ɓawon kawa, halittar ruwan nan mai ɓawo, ki zuba a wani kwano daban saboda kalsiyam ɗin, mai bukata za ta je da kanta.

Wani abu kuma, ƙananan nan uku kar hasken ya same su yanzu. In aka tsawaita wa ƙaramar kaza yini kafin ta kai mako 16 zuwa 18 sai ta fara ƙwai jikinta bai gama ƙwari ba, daga nan ake samun bayanta ya zazzago waje sauran su bi ta da tsatstsaga, na gani da idona kuma ba abin da nake so wani ya gani ba ne. Abincin leyas ma bai dace da su ba tukuna, kalsiyam ɗinsa ya yi wa ƙodarsu yawa, ki raba musu wuri in da hali.

MalaminGona:
Hajiya ki cire ledar nan yau ɗin nan dan Allah, aƙalla ta sama. Kaza mai cikakken gashi tana jure sanyi fiye da yadda take jure zafi, abin da ke kayar da ita danshi ne da warin kashi. In an rufe ruf numfashinsu da kashinsu suna jiƙa ɗakin, iskar amoniya ta taru ta riƙa cin idonsu da maƙogwaro sai mura ta biyo baya. Ki durƙusa ki sa hancinki daidai tsayinsu da safe, in kika ji yana yaji to su da suka kwana ciki fa? Ki bar kafa a sama da kawunansu iska ta riƙa fita, ki toshe wadda ke bugunsu kai tsaye a inda suke kwana kawai, ki sauya shimfiɗa da busasshiya. Hita kam ban ba ki shawara ba, ga ƙura ga gashi ga busasshiyar shimfiɗa, gobara bata da wuya.

Ki duba ruwa ma. Ƙwai kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne, in ruwan ya yi sanyi ƙarara ko ya daskare shan su yana raguwa, ki riƙa ba su mai ɗan ɗumi da safe. Sannan ki shiga da tocila da dare ki haska tsagogin sandar kwanansu, ƙuma a nan take ɓuya da rana ta fito da dare ta sha jininsu, in kin ga zankonsu ya koɗe sosai ki zarge ta. Ki ajiye musu busasshen yashi da toka su yi birgima.

'YarKiwo:
Ni dai ra'ayina daban, bana sa wa nawa fitila sam. Ba kamfani nake ba, kuma na lura in na bar su suka huta suka gama gashinsu da kansu, ƙwan da suke dawowa da shi ya fi girma ɓawon ya fi ƙwari. Abin da nake yi shi ne duk shekara ina renon sababbi ta yadda za su fara ƙwai gab da shigowar sanyi, su 'yan shekarar farko yawanci basa tsayawa, sai su riƙe gidan kafin manyan su dawo. Anti ki sani kuma ko kin sa hasken manyan nan ba za su koma shida kullum ba, daga shekara ta biyu yawan yana raguwa a hankali. Irin kazar ma yana da tasiri, kajin turawa irin su ISA Brown da Leghorn sun fi kajin gida nacin yin ƙwai.

MaiKajiTara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na je na duba kamar yadda kuka ce, tsinkayen nan suna nan a wuyan huɗu daga cikinsu, kuma da na cire ledar sama sai da na ji kunyar warin da suke kwana ciki, shimfiɗar ma ta jiƙe a lungu. Na kwashe na zuba sabuwa, hatsin kuma na rage. Ƙuma ban gani ba amma zan sake haskawa yau da dare. Fitilar zan bari sai sun gama gashin, ƙananan kuma zan tsaga musu gefe guda da raga. Baba in sun gama ɗin, daga rabin awa zan fara ko zan iya farawa da awa ɗaya a makon farko?