Na yi aure na haihu, shin za su yarda da ni idan na nemi mafaka a Birtaniya?

Tauraruwa29:

Assalamu alaikum. Wannan ba sunana ba ne, garinmu ma ba zan faɗa ba, ku dai sani daga Arewa nake. Shekarata 29. Na shigo Ingila a 2023 da bizar karatu, yanzu saura wata huɗu takardar zamata ta ƙare.

Tun ina makarantar kwana na san mata zuciyata take so. Sunan da ake kiranmu da shi a gida, 'yar maɗigo, har yau ba ya fita a bakina da ƙarfi. An yi mini aure ina da shekara 19, na zauna shekara shida, na haifi 'ya mace, daga baya ya sake ni. Wadda nake so tela ce a unguwarmu, kowa ya ɗauka aminai ne kawai, har Hajiyarmu takan aike ni wurinta da atamfa. Bara ƙanin mijinta ya ɗauki wayarta ya ga saƙonninmu. Dukan da suka yi mata sai da ta kwana uku ba ta tashi ba, tun daga nan lambarta ba ta shiga. Yayana ya turo mini saƙon murya, ya ce ranar da na sauka a filin jirgi shi zai tarbe ni da kansa. Na san abin da yake nufi. 'Yata tana hannun Hajiya, tun azumi an hana ni jin muryarta.

Abin da ke hana ni barci shi ne ba ni da shaida. Duk hoton da muka ɗauka ni na goge shi da hannuna saboda tsoro. Takardar da nake da ita ta aure ce da ta haihuwa. Kuma shekara biyu ina ƙasar nan ban ce uffan ba. Shin ba za su ce ƙarya nake yi ba? Sannan in aka kawo mini tafinta Bahaushe, ta yaya zan buɗe baki? Mu nawa ne a nan, kowa ya san kowa.

AntiMairo:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na bi wannan hanyar, ni ma da 'ya'ya biyu. Kafin komai, kada ki goge saƙon yayanki. Ki adana shi wuri biyu, da lambar da kwanan watan. Shaida ce babba, kina riƙe da ita ba ki sani ba.

Maganar tafinta: kina da damar neman mace ta yi miki tambayoyi, tafinta ma mace. Ni da na ji tafinta ta sassauta wata magana tawa saboda kunya, sai na tsayar da ita na maimaita da Turanci. Ana naɗar hirar, ana ba ki kwafin abin da aka rubuta, ki zauna da lauyarki ki karanta layi-layi. Abin da ya fi yi mini wuya ba tambayoyinsu ba ne, kunyarmu ce. An raine mu ba ma faɗin sunan miji ma, sai ga shi ana so ki faɗi ranar da kika fara son mace da yadda kika ji a ranki. Ki fara rubutawa da Hausa a ɗaki ke kaɗai, har bakinki ya saba.

Ki shirya wa talauci kuma. Tallafin da gwamnati ke ba masu neman mafaka kusan fam 49 ne a mako.

Dan_Lauya:

Hajiya, aure da haihuwa ba sa rushe ƙararki. Aderonke Apata 'yar Najeriya ce, lauyan gwamnati ya kafa hujja da cewa ta haihu, kotu ta ƙi ta a 2015, amma a 2017 ta samu mafaka bayan shekara 13 tana fafutuka. Ita ta kafa African Rainbow Family, ƙungiyar da ke taimaka wa masu neman mafaka irinki. Ki tuntuɓe su, ko takwararta Rainbow Migration, su haɗa ki da lauyan da gwamnati ke biya.

Ba za a ce ki koma ki ɓoye kanki ba. Kotun Ƙolin Birtaniya ta rufe wannan ƙofar a 2010, a shari'ar wani ɗan Iran da wani ɗan Kamaru. Idan aka ce ki koma Legas ko Abuja, dokar hana auren jinsi da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta shafi ƙasar duka, da ɗaurin da ya kai shekara 14, ban da dokokin shari'a na jihohi 12 na Arewa.

Jinkiri ne inda za su matsa miki. Ki faɗi dalili yadda yake: sai bara asiri ya tonu. Kada ki jira biza ta mutu. Kuma kada wani ya ruɗe ki ya ce ki haɗa hoto ko bidiyon tsiraici, ko ki ari labarin wata. Ba a buƙatar na farko, na biyu kuwa shi ke kashe ƙara.

UmmuHafsa:

'Yar'uwa, a addinance ban goyi bayan abin ba, ba zan ɓoye miki ba. Amma babu inda aka ba yayanki ikon zartar da hukunci da hannunsa. Kada ki hau jirgin nan. Allah ya tsare ki, ya tsare yarinyar.

Tauraruwa29:

Amin, na gode muku. Anti Mairo, na tura saƙon a imel ɗina yanzun nan, hannuna na rawa don sai da na sake saurarensa. Na fara rubutun, na kai shekarar da muka haɗu a shagonta na tsaya. Gobe da safe zan kira su. Don Allah ke yaya kika yi da 'ya'yanki? Tawa shekararta takwas.