"Ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba": uzuri ne ko gargaɗi?

Ɗan Mando: Salamu alaikum. Ana hirar ƙananan jiragen koyo da ke shawagi a kanmu daga sansanin sojan sama, wani ya ce haɗarin masu koyo yawanci daga matuƙi ne, ba inji ba. Sai wani ya rufe zancen da "ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba." Ya halatta a kawo wannan inda ake rasa rai?

Maman Khalifa: Wa alaikumus salam. Ni dai ban so ba. Maganar ban haƙuri ce, ta wanda ya manta alkawari ko ya ƙona tuwo. Ka faɗa wa uwar da ɗanta ya tafi koyon tuƙi bai dawo ba, ka ji.

Baba Na Kawo: 'Yata, kin ɗauke ta ta fuska ɗaya. Masu jirgi sun fi kowa yarda da ita, sai dai su ba su tsaya a ban haƙuri ba. A 1935 wani sabon jirgin Boeing ya faɗi wajen gwaji a Amurka saboda an tashi ba a cire makullin da ke riƙe fikafikan sarrafawa ba, kuma matuƙin gwani ne. Daga nan aka fito da takardar da ake bi layi-layi kafin tashi. Goman da mutum bai cika ba, takarda ke cika masa.

Ɗan Mando: To Baba, ɗan koyo fa, da ko tara bai kai ba?

Baba Na Kawo: Shi ya sa jirgin koyo ke da sitiyari biyu, malami na gefe. Miƙa tuƙi ma sai an furta da baki, ɗaya ya ce na karɓa, ɗaya ya ce na sakar maka, don kada kowa ya zaci ɗan'uwansa ke riƙe. Matsalar ɗalibi sananniya ce: ya rage gudu fiye da ƙima wajen juyowa sauka, ya manta duba mai, ko ya kutsa cikin hazon hunturu alhali da ido kawai aka koya masa tuƙi.

Malam Ɗanzariya: Mu da ke maƙwabtaka da kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, abin da na fi jin malamai na tsoro shi ne sabo. "Sabo turken wawa" ya fi dacewa. Sabon ɗalibi a tsorace yake, yana duba komai. Wanda ya fara tashi ba tare da malami ba, shi ne ke cewa ai na haddace.

Maman Khalifa: Wannan na yarda, Malam. Amma Baba, har yanzu ina nan a kan bakana. A faɗe ta kafin a tashi, kada a faɗe ta a gidan makoki.

Baba Na Kawo: A gidan makoki ma ai ba ɗalibin kaɗai take nufi ba. Malamin da ya makara wajen karɓe tuƙi, da makanikin da ya sa hannu, su ma tara suke.