Gilashin gaban motata ya yi zanzana, a goge ko a canza?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. A Sakkwato nake zaune amma aikina na Tambuwal, kowane mako sai na bi hanyar Bodinga da Shagari. Tun bayan hunturun nan na lura gilashin gaban motata ya cika da ƙananan ramuka kamar fuskar mai zanzana. Da hantsi ba sa damuna. Amma da la'asar sakaliya in rana ta dubo ni, ko da dare in wata mota ta haske ni, sai gilashin ya yi fari fat. Daren Juma'a saura ƙiris in take mai amalanke, ban gan shi ba sai da na zo dab da shi, ga iyalina a mota. Har yau hankalina bai kwanta ba. Akwai kuma wani tabo babba guda ɗaya, tsakuwa ce ta fallo daga bayan tifa. Wani ya ce in goga man goge baki, wani ya ce in ɗiga sufa gulu. Don Allah mene ne gaskiyar magana?

Mai gyaran gilashi: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara tsarewa. Matsala biyu gare ka, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Tabon tsakuwa yana gyaruwa in bai wuce faɗin kwabo ba kuma bai fara tsaga ba. Gilashin gaba falle biyu ne da leda a tsakani, galibi na waje kaɗai ke fashewa. Mukan tsotse iskar ramin, mu ɗura wani gam mai ruwa-ruwa da ake kira rezin, hasken rana ko fitila ta musamman ya busar da shi. Kafin ka kawo, manna farin salatif a kai kada ƙura da ruwa su shiga. Sufa gulu kada ka soma, toshe bakin ramin yake yi, in ka kawo mana daga baya rezin ba ya shiga.

Zanzanar kuwa yashi ne ya ci gilashin. Ka ja farce a kai. In bai maƙale ba, ana iya gogewa da wani garin goge gilashi da ake kira seriyam oksayid a samu sauƙi. In yana maƙalewa, kuma abin ya mamaye gaban direba, canzawa ce kawai. In aka matsa da guga sai gilashin ya yi kwari, ka riƙa ganin hanya a karkace, ka ga an gudu ba a tsira ba. Man goge baki kuwa ba ya cike rami.

Tsohon direban Illela: Ɗana, ka ji maganar mai sana'a. Abin da zan ƙara, yashi ya fi gilashi tauri, kuma gudu ke ba shi ƙarfi. In ka ga tifa ko tirela gabanka, ja baya sosai, ko ka wuce in hanya ta buɗe, kada ka liƙe mata. In iska ta taso da rairayi, rage wuta. Sannan abin da yaran yanzu ka yi, su kunna waifa bisa busasshen gilashi mai ƙura, wannan shi ka kashe gilashi. A fara watsa ruwa tukuna.

Wata 'yar'uwa: Baba ya yi gaskiya. Ni nawa tabon ƙarami ne, na yi sakaci. A watan Afrilu mota ta yini a rana, zafi ya haura digiri 40, yaro ya sheƙa mata ruwan sanyi, nan take tsaga ta tafi har ɗaya gefen. Ka ajiye ta a inuwa, kuma in ta yi zafi kada ka sakar wa gilashin sanyin AC gaba ɗaya. Robar waifa ma rana na busar da ita, in ta fara ƙara a canza.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na fita na gwada, farce yana maƙalewa a wurare da yawa, daidai saitin idona. Na daina tafiyar dare har sai albashi ya shigo na canza. Maigida mai gilashi, in an sa sabo, zan iya kama hanyar Tambuwal a ranar?

Mai gyaran gilashi: Ya danganta da irin gam ɗin da aka sa, ka tambayi wanda ya yi aikin. Ni dai nakan ce a bar ta ta kwana, a ɗan sassauta gilashin ƙofa, kada a buga ƙofa da ƙarfi, wanki kuma sai bayan kwana biyu.