Neman atamfar da aka gani a hoton biki

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a taimaka min. An turo min wani hoton biki, akwai wata baiwar Allah tsaye can baya da atamfa mai zanen ganye, ruwan goro da shuɗi. Ita nake so mu fitar anko na bikin ƙanwata bayan Sallah. Na sa hoton a Google, sai amare da kujeru da kwalliyar ɗakin taro yake ta kawo min. Matar kuma ban san ta ba balle in tambaye ta.

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam Anti. Ai hoton gaba ɗaya kika ba shi, shi kuwa abin da ya fi cika hoton yake bi. Ki buɗe manhajar Google, ki taɓa alamar kyamarar da ke gefen wurin rubutu, shi ne Google Lens. Idan kin zaɓi hoton za ki ga kusurwoyi huɗu farare. Ki ja su da yatsa har su kewaye atamfar ita kaɗai, nan take abin da yake nunawa a ƙasa zai canza.

Tela na Tudun Wada: Haka ne, amma in ƙara da abin da sana'a ta koya min. Kada ki kewaye hannun riga ko inda aka yi tattara, zanen ya riga ya karye a wurin. Ki nemi jikin zani inda ya miƙe, inda ganyen ya fito cikakke ko sau ɗaya ne. Da a ce gefen atamfar ya fito ma da kin huta, can ake buga sunan kamfani, wani lokacin har da lamba, kuma Lens yana karanta rubutu.

Maman Biyu: Malam, gefen bai fito ba. Hoton ma dishi-dishi yake.

Ɗan Samaru: To ki roƙi wanda ya ɗauka ya sake turo miki shi a matsayin fayil. WhatsApp yana matse hoto idan an tura shi kai tsaye, ƙananan zane su ne farkon ɓacewa.

Hajiya Gyallesu: 'Yata, kafin komai ki yanke hoton tun a cikin wayarki, ki cire fuskokin mutane, sannan ki ɗora. Hoton nan fita yake daga hannunki ya tafi wurin kamfani. Matar aure ce wataƙila, ba ta san ana yawo da ita ba. Amana ce.

Maman Biyu: Wallahi ban yi wannan tunanin ba. Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma.

Malama daga Kongo, Zariya: Ni dai in don ɗinki ne manhajar hotuna ta Pinterest nake zuwa. Tun 2015 suka sa wannan dabarar ta zaɓar wani ɓangare na hoto. Akwai 'yar alamar madubin bincike a kusurwar hoton, kina taɓawa akwatin zai fito, ki matsar da shi kan wuya ko hannu. Wajen samo salon ɗinki ya fi min Lens nesa ba kusa ba. Sunan atamfa ne dai ba kasafai yake ba ki ba.

Ɗan Samaru: Masu sabbin wayoyi kuma akwai Circle to Search, da ya fara fitowa a Janairun 2024 a Galaxy S24 da Pixel 8, daga baya ya shiga wasu wayoyin. Danne ƙasan allon za a yi a zagaye abin da yatsa, ko bidiyo ake kallo.

Tela na Tudun Wada: Amma fa kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Kwanaki wani Alhaji ya kawo min hoton babbar rigar mahaifinsa, aska takwas, aikin hannu na da. Na kewaye aljihun na bincika, na sake kewaye wuyan, duk aikin inji yake jero min. Kama yake gani, ba ya bambance zaren da aka ja da allura da wanda keke ya buga. Da na shiga cikin birni na nuna wa wani dattijo mai ɗinkin hannu, kallo ɗaya ya yi ya faɗa min irin zaren da kwanakin da aikin zai ci. Kayanmu na nan, huluna da aikin riga, hotunansu ba su da yawa a intanet, shi kuma daga abin da ke can yake ɗebowa.

Uwargida Kwarbai: Idan kin samu mai sayarwa a intanet, ki sa hoton nata a shafin binciken hoto na TinEye kafin ki tura kuɗi. Shi ba mai kama yake nema ba, ainihin hoton yake bi, har ki jera daga wanda ya fi daɗewa. Na taɓa biyan kuɗin leshi, abin da ya iso daban, ashe hoton na wani shago ne a ƙasar waje.

Maman Biyu: Alhamdulillah, na yanke na gwada a jikin zanin. Ya kawo zanen sak, sai dai a kore da ja, ruwan goron bai fito ba.

Tela na Tudun Wada: Zane ɗaya akan buga shi kala-kala, kuma fitilar ɗakin biki tana sauya launi. Ki ajiye hoton mai tsabtar da ya kawo, ki nuna wa 'yan atamfa a kasuwar Sabon Gari. In babu, su sa a duba miki a Kantin Kwari.

Maman Biyu: Gobe da hantsi in sha Allah. Malama, ko za ki raka ni? Turmi goma sha biyu muke nema.

Malama daga Kongo: Ki biyo ta Kongo ki ɗauke ni ƙarfe goma.