Neman shawara: mu magidanta tara muna son komawa ƙauye mu yi zaman gandu ɗaya

Abu Hanan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Mu tara ne, abokai tun makaranta, kowa da iyalinsa, in aka haɗa mata da yara mun kai mutum 60. Haya da cefane sun ishe mu a gari, shi ya sa muke son mu haɗa kuɗi mu sayi fili hekta 12 a wani ƙauye ɓangaren Makarfi, mu yi gini, mu yi noma da kiwo tare. Rumbu ɗaya, asusu ɗaya, har tukunya ɗaya in zai yiwu. Mai filin yana ta matsa mana mu biya kafin damina. Ta ina za mu fara, sunan wa za a sa a takarda, kuma me ke rusa irin wannan zama?

Lauyan Unguwa:
Wa alaikumus salam. Malam Abu Hanan, kada matsin mai fili ya sa ku biya ko kwabo. Gonar da ake gaggawar sayarwa sau da yawa ta gado ce da ba a gama rabawa ba, ko kuma tana jingine a hannun wani. Ku fara zuwa wurin mai unguwa da dagaci ku ji asalinta: wa ya sare ta, wa ya gada, magada nawa ne, akwai mata a cikinsu da ke aure a wani gari? Waɗanda aka manta da su ne kan dawo bayan shekaru da sammaci a hannu. Kowane magaji ya sa hannu ko ya dangwala a gaban shaidu. Sannan a kira maƙwabtan gonar ta kowace kusurwa, a zaga iyaka da ƙafa tare da su, safiyo ya kafa duwatsu ya fitar da taswira. Ku tambaya musamman ko burtali ya ratsa ta, don wanda ya gina gida a kan hanyar shanu ya sayi rigimar da ba ta ƙarewa.

A Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne da amfani da fili, kuma sauya masa hannu yana buƙatar amincewar hukuma. Takardar ciniki ta dagaci kaɗai ba ta isa ba, ku bi ta KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, ku yi rajista.

Batun suna kuwa, kada a sa na mutum ɗaya komai amanarsa. In ya rasu, a idon kotu gonar ta 'ya'yansa ce. Kada kuma ku yi rajistar amintattu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, irin wadda masallatai da ƙungiyoyin agaji ke yi, domin doka ta hana raba wa mambobi riba a wannan tsari, kuma ranar da aka rushe ƙungiyar, abin da ya rage wata ƙungiya irinta ake miƙa wa. Abin da ya dace da ku shi ne ƙungiyar gama-kai, wadda ake yi wa rajista a ofishin daraktan gama-kai na jiha. Tana iya mallakar fili da sunanta, kowa da hannun jarinsa a rubuce. Ana buƙatar aƙalla mutum goma, ku kuwa tara ne, sai matanku su shiga da sunansu, wanda dama shi ne daidai.

Babin da ya fi kowanne muhimmanci a tsarin mulkinku shi ne na fita. Ku rubuta shi yanzu da kuke dariya da juna. Mai fita ya ba da sanarwar wata shida, mutum biyu na waje su yi wa kasonsa da gininsa kuɗi, a fara yi wa ƙungiya tayi, a biya shi kashi uku a kaka uku. In babu wannan, mutum ɗaya da ya nemi kuɗinsa gaba ɗaya zai tilasta muku yanka gonar a sayar.

Malam Na Zaure:
Allah ya saka wa lauya. Bari in ƙara ta fuskar shari'a, don yawanci a nan ake faɗawa cikin haƙƙin mutane da kyakkyawar niyya. Ranar da ɗayanku ya cika, kasonsa ya zama na magadansa nan take. Ba ku da ikon cewa ai mun yi alkawari gona ba ta rabuwa, kuma babu mai yafe haƙƙin maraya a madadinsa. Wasiyya ma ba ta wuce sulusi. Saboda haka ku tanadi asusun da za a sayi kason mamaci da shi in magada sun zaɓi kuɗi.

Shari'a ta ba ku shufu'a: in abokin tarayya ya sayar wa bare kasonsa a filin da ba a raba ba, kuna da haƙƙin karɓa a kan kuɗin da aka saya. Amma da zarar an kafa iyakoki an fitar da hanyoyi, shufu'a ta faɗi, kamar yadda ya zo a hadisin Jabir. A mazhabar Malikiyya kuma wanda yana nan ya sani ya yi shiru har shekara ta zagayo, ya rasa ta. Wurin masallaci da rijiya da maƙabarta ku mai da su wakafi a rubuce, su fita daga lissafin gado.

Zakkar hatsi kowa da kasonsa ake dubawa. Wanda nasa ya kai wusƙi biyar, wajen kilo 650, wato buhu shida da rabi, ya fitar da ɗaya bisa goma in ruwan sama ne ya shayar, rabin haka in ban-ruwa aka yi da inji.

Abu biyu kuma da ake kunyar faɗa. Abokin miji ba muharrami ba ne, don haka kowane gida da katangarsa da ƙofarsa da makewayinsa. Sannan inda mata ke zaune tare, wata takan ɗauki jaririn wata ta ba shi nono don ya yi shiru. A wurin Malikiyya ko sau ɗaya ne, in cikin shekarun shayarwa ne, ya haramta aure. A ajiye littafi a riƙa rubutawa, don nan da shekara ashirin waɗannan yaran ne za su so junansu.

Baba Manomi:
Yaro, abin da kuke so kakanninku sun yi shi, sunansa gandu, sai dai ku lura da yadda suka yi. 'Ya'ya da ƙanne suna aikin gandu daga safe zuwa azahar, da yamma kowa ya tafi gayaunarsa, abin da ya samu a can nasa ne, ba mai tambayarsa. Mai gandu kuma shi ke ciyarwa, ya biya haraji, ya sayi garma da fartanya, ya yi wa saurayi auren fari. Ko a lokacin da uba ke da cikakken iko, ba a taɓa hana mutum nasa na kansa ba. Kuma duk da haka, in uba ya kwanta dama, gandun 'yan'uwa bai cika daɗewa ba, shekara kaɗan sai ka ji an raba tukunya. To ku ba uba a samanku, ba jini a tsakaninku. Zo mu zauna, zo mu saɓa.

Ku raba filin uku. Hekta 2 na gidaje da hanya da masallaci da garke. Hekta 3 gayauna, kowane gida ya sami sulusin hekta. Ragowar 7 su ne gandu. Yanzu ku yi lissafin ciki: mutum ɗaya, in an haɗa babba da yaro, yana cin wajen buhu biyu na hatsi a shekara, ku 60 kenan buhu 120. Masara in ta sami taki da nome a kan lokaci, ku sa ran buhu 25 a hekta, kada ku yi lissafi da abin da mai sayar da iri zai gaya muku. Hekta 5 sun tafi a tuwo kawai, kowace kuma tana son buhu shida zuwa takwas na NPK da biyu ko uku na yuriya. Hekta 2 da suka rage a sa waken suya ko gyaɗa, a riƙa juyawa duk shekara saboda ƙuduji. Ka ga gonar za ta ciyar da ku, amma ba za ta biya kuɗin makaranta da na asibiti na gida tara ba. Duk mai albashi ko sana'a ya riƙe abarsa.

Hajiya Maman Sadiya:
Ƙanena, kun zauna ku tara kun yanke, amma ban ji ka ce an tambayi matan ba, alhali su ne za su wuni tare ku kuna waje. Tukunya ɗaya ta mutum 60 tana nufin wajen kwano goma sha biyu na gari a rana, ga ice, ga wanke-wanke. Wata 'ya'yanta bakwai, wata biyu, kuma kuɗin cefane ɗaya aka karɓa. Ranar da aka zo rabon nama mai yara biyu tana tsaye tana kallon ludayi yana komawa kwanon mai bakwai, ba za ta ce komai ba, sai dare ya yi ta gaya wa mijinta. Facaloli ma da mazansu ke ciki ɗaya a nan suke ɓatawa.

A auna wa kowane gida hatsinsa duk wata bisa yawan bakin da ke ciki, mace ta yi girkinta a madafarta. A haɗu a ci tare ranar Juma'a da azumi da ranar suna ko biki. Sarin mai da gishiri da sabulu a yi shi tare don a sami sauƙi, a raba a wurin. A kuma yi magana tun yanzu a kan dukan ɗan wani: wa ke da ikon tsawatarwa, har zuwa ina. Ku auna nisan asibitin da ke karɓar haihuwa da dare, a cikin watan Agusta da hanya ta caɓe, ba a rani ba.

Injiniyan Ruwa:
Kafin a biya kuɗin fili a kira masu auna ruwa. Yankin nan dutse ne a ƙasa, ruwa a tsage-tsagen dutsen yake, rijiyar burtsatse biyu kusa da juna ɗaya ta cika tanki ɗaya ta bushe. Mutum 60 a lita 50 kowanne lita 3,000 ne a rana. Saniya na shan wajen lita 40 da zafi, tunkiya ko akuya wajen 5, shanu goma da ƙananan dabbobi talatin sun ƙara 550. Famfon sola awa biyar zuwa shida yake aiki da ƙarfi, don haka rijiyar sai ta ba da fiye da lita 700 a awa, kuma a gwada ta a Maris ko Afrilu lokacin da ruwa ya yi ƙasa. Tanki biyu masu lita 5,000 za su riƙe ku kwana biyu in hadari ya rufe rana ko famfo ya lalace. Masai ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30, ta ɓangaren gangare.

Kada ku yi mafarkin noman rani da wannan rijiya. Hekta ɗaya ta kayan lambu tana shan wajen lita 60,000 a rana. Sai fadama ko rafi.

Malamar Tarihi:
Wasu sun gwada, kuma hanyarsu kusan ɗaya ce. Kibut, wato ƙauyen noma na tarayya, na farko a ƙasar da ta zama Isra'ila, Degania, an kafa shi a 1910 ba mai mallakar komai. Bayan bashin da ya danne irin waɗannan ƙauyuka a shekarun 1980, yawancinsu suka koma biyan kowa albashi gwargwadon aikinsa. A Ayetoro ta Jihar Ondo, mabiya wata coci sun kafa gari a 1947 da dukiya ɗaya, suka yi suna a kamun kifi da ƙera jiragen ruwa, daga baya aka bar kowa ya nemi nasa. Ƙauyukan Ujama, wato na noman tarayya, na Shugaba Nyerere a Tanzaniya sun fara da son rai bayan 1967, da aka koma kwashe mutane da ƙarfi daga 1973 sai noman haɗin gwiwar ya mutu. Ni a ganina shawarar Baba ce daidai: ku fara daga inda waɗannan suka ƙare.

Abu Hanan:
Na gode ƙwarai, jikina ya yi sanyi amma na ƙaru. Ga wata kuma: huɗu daga cikinmu ma'aikata ne, sai ƙarshen mako za su riƙa zuwa, biyar ne za su zauna a gona. Yaya za a raba amfani ba a cuci kowa ba?

Akanta:
Yaya Abu Hanan, a raba jari da gumi, kowanne da littafinsa. Jari yana cin riba ko asara gwargwadon abin da mutum ya zuba. Gumi kuwa lada ake biya. Duk wanda ya yi wuni a gandu a rubuta masa a ranar, a kan kuɗin ƙodagon da ake biya a ƙauyen, shi da mai kula da gona su sa hannu. Wanda bai zo ba ya turo ɗan ƙodago ko ya biya. Aikin mata na sussuka da shiƙa da abincin 'yan aiki shi ma ya shiga littafin, a nan ake yawan mantuwa. Da kaka a fitar da zakka, a ware iri, a biya bashin taki, a biya masu gumi, a ajiye kashi 10 cikin 100 don gyaran famfo da kason mamaci, sannan a raba saura.

Rumbu ya zama da kwaɗo biyu, mabuɗi a hannun mutum biyu daga gida daban. Asusun banki mutum uku, sai biyu sun sa hannu kuɗi ya fita. A karanta lissafi a bainar jama'a duk wata ko da ba a kashe komai ba, don zargi a cikin shiru yake girma. Aikin yau da kullum mutum ɗaya ya yanke, wa'adinsa shekara, domin in sai tara sun yarda kafin a yi feshi, tsutsa ta gama da masarar. Cin bashi sai kashi biyu cikin uku sun amince. Sayar da fili ko shigo da sabon gida sai kowa ya yarda.

Bana kuma ku yi hayar hekta 3 a ƙauyen ku noma ta da wannan tsari, ku bar batun saye sai bayan girbi. Damina ɗaya za ta nuna muku wanda ke zuwa nome da wanda wayarsa ke kashe.

Baba Manomi:
Ku ƙara da dokar akuya. Daga saukar ruwan shuka har a kwashe amfani, kowace dabba a turke. Wadda ta kwance ta shiga gayaunar wani, mutum biyu su je su ga ɓarnar a ranar, a ƙiyasta ta da kwanon hatsi, mai dabba ya biya kafin Juma'a.